Kwamfutar Lamba Tara

Asabar, da yamma

Yau na dawo gidan Yaya da jakata. Na ce mata kwana biyu zan yi. Ta kalli girman jakar, ta kalle ni, ta nuna min katifar falo.

Tara yana ɗakinsa. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bayan aikin da aka yi masa a ƙafa, ban da banɗaki ba ya zuwa ko'ina. A kai masa abinci, a ɗauko kwano. Labule a sake dare da rana. Abokan ƙwallonsa, waɗanda suka laƙaba masa Lamba Tara har sunan ya biyo shi gida, suna zuwa su yi sallama ya ce a ce musu yana barci. Shekararsa sha shida. Ɗan yayata ne, ɗalibina ne kuma a ajin kwamfuta. Shugaban makaranta ya ja ni gefe ya faɗa min a hankali cewa in bai dawo ba kafin a fara jarrabawa, shekarar nan ta wuce shi. Abin da ya kawo ni ke nan. Sai na fitar da yaron nan daga ɗakin nan.

Na shiga na zauna a bakin gado. Na ba shi labarin ajinsu, na ba shi labarin malamin lissafi da ya zauna a kan kujerar da ba ta da ƙusa. Fuskarsa na kallon bango, waya a hannu. Da na leƙa sai na ga bidiyon wani yake kallo yana haɗa kwamfutar buga gem.

Na ce, "Wannan mutumin bai iya ba. Wutar da ya saka ba za ta ɗauki wannan katin ba."

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Za ta ɗauka, Kawu. Har da saura."

Ya yi magana! Yaya ta ce rabon da ta ji ya haɗa kalma biyar a jere har ta manta. Kuma gaskiyarsa, za ta ɗauka. Ban taɓa jin daɗin ɗalibi ya ƙaryata ni kamar yau ba.

Lahadi, da hantsi

Na kwana da shawara, na tashi da ita. Akwai ɗan abin da nake tarawa don in canza waya. Babansa ma ya ce zai turo wani abu daga inda suka tsaya da babbar mota. Idan aka haɗa ba yawa, amma zai haɗa kwamfuta mai rufin asiri in an yi zaɓi da hankali.

Na ce masa, "Ni da kuɗi da zuwa kasuwa, kai da zaɓe. Abin da ka ce shi zan sayo. Sharaɗi ɗaya, kowane abu sai ka faɗa min dalilinsa."

Ya ce, "Aikin gida ke nan ka kawo min a fakaice."

Na ce eh. Bai ce a'a ba.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Na yi ɓaranɓarama.

Na zauna ina yi masa bayanin kayan kamar yadda nake yi a aji, bakina ya riga hankalina. Na ce madabod, wato faifan da komai ke hawa a kansa, shi ne fili. Furosesa shi ne koci mai ba da umarni. Katin hoto kuma shi ne ɗan gaba mai ci, mai lamba...

Nan na tsaya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya ja bargo har saman kansa.

Shekara da shekaru ina ba da wannan misali. Shi kansa a aji ya taɓa gyara min shi.

Talata, da yamma

Ƙofa a rufe. Kwano ya dawo yadda aka kai shi.

Laraba, wajen azahar

Ina tsakiyar darasi waya ta yi ƙara a aljihuna. Ni da nake ƙwace wayar ɗalibai, sai ga ni ina leƙen tawa a ƙarƙashin tebur. Shi ne. Hoton furosesa ya turo, da kalma biyu: "Wannan. Tambaye ni."

Da na koma gida na tambaye shi. Ya ce irin wannan furosesar ba ta iya fitar da hoto da kanta, shi ya sa ta fi 'yar'uwarta araha, alhali ƙarfinsu ɗaya. Tunda za mu saka katin hoto dabam, me ya sa za mu biya kuɗin ido biyu? Na ce to amma ka san in katin ya samu matsala, kwamfutar ta zama makauniya, ko rubutu ba za mu gani ba. Ya ce, "Sai mu sayi katin da ba shi da matsala."

Daga nan hira ta ɓarke. Ram, wato teburin da kwamfuta ke baza aikinta a kai, ya ce sanda biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, don hannu biyu ya fi ɗaya ɗaukar kaya. Madabod ya zaɓi mai sauƙi, amma ya sa na duba sau biyu cewa gurbinta ya dace da furosesar, don ba kowace ke zama a kowace ba. Sikirin kuwa tsohon nawa da ke kan kabad zai yi.

A kan akwati muka yi rigima, kuma kunya a wurina take. Ni ne na nuna masa wani mai gilashi da fitilu masu canza launi, ja, kore, shuɗi. Na ɗauka zai burge shi.

Ya ce, "Kawu, fitila tana ƙara gudu?"

"Tana ƙara kyau."

"To ka saya wa ɗakinka. A ba ni baƙin akwati mai ramukan iska."

Ni kuma na rama a kan akwatin wuta, mai raba wa sauran kayan lantarki. Ya so ya tsuke a nan, ya zaɓi wani marar suna mai arahar banza. Na ce ina! Ko'ina a rage, ban da nan. Wuta marar kyau in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja madabod da kati sun raka ta. Ya ce, "Na ba ka wannan." Ɗaya da ɗaya ke nan.

Abin da ya rage, kusan rabin kuɗin, na katin hoto ne. Sabo ya fi ƙarfinmu. Na gwanjo za mu nema.

Kafin in fita ya ce, yana kallon silin, "Ba a tsuke kuɗi a kan ɗan gaba."

Da bakinsa ya faɗa. Na fita da sauri na tsaya a kicin ina wanke kofin da yake a wanke.

Juma'a, da safe

Yau ranar mai wankin ciwo ce. Na riƙe masa kafaɗu. Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, da la'asar

Yaya ta kwashe takalman da ke bakin ƙofa ta zuba a buhu. Na ga ta tsaya da ɗaya a hannu ta daɗe. Na yi kamar ina neman caja.

Asabar, da yamma

Nasara! Kaya sun shigo gida.

Kasuwar kayan lantarki tana nan yadda na san ta, janareta na kuka ta ko'ina, kowa na jan hannun rigarka. Shagon da abokin aikina ya kwatanta min yana hawa na biyu, sai an bi wani matsattsen bene mai ƙarfen riƙewa a gefe ɗaya. Mai shagon kowa Injiniya yake ce masa, mutum mai tumbi da dariya, tabarau a goshi, sukundireba a bayan kunne.

Na karanta masa abin da nake so. Ya ce, "Malam, wa ya zaɓa maka waɗannan? Wannan ba zaɓin mai furfura ba ne."

Na ce ɗana.

"Ka gaishe shi. Ya hana ni cin riba."

Furosesa, madabod, ram, ma'ajiyar bayanai da akwatin wuta duk sababbi a kwalinsu. Akwati baƙi, mummuna, mai ramuka kamar rariya. Sai kati. Ya ɗauko wani daga cikin kayan gwanjo da suka zo masa a kwali guda, mai fanka biyu, irin wanda Tara ya ce. Na ce sai an gwada. Ya soka shi a kwamfutar shago, hoto ya fito tangaram, na buɗe shafin intanet biyu uku, na kalli bidiyo, fankoki na juyawa shiru. Na duba ko'ina ba tsatsa, ba ƙauri. Na biya ina jin kaina.

Da na jera kwalayen a kan gadonsa, ya ɗauki katin da hannu biyu kamar jariri. Ya shinshina shi. Wai a bidiyo haka ake yi.

Lahadi, bayan azahar

Ya ce in ɗaga labule.

Sai da na ce, "Na'am?" Ya ce, "Ba na ganin alamar da ke kusurwar furosesa. Ɗaga labulen, Kawu, ko so kake in lanƙwasa ƙafafun gurbin?" Rana ta shigo ɗakin nan har ta nuna ƙurar da ke kan kabad. Yaya da ke wucewa ta tsaya cak da bokiti a hannu.

Mun jawo tebur jikin gado. Ya zauna sosai, matashi a baya, bargo a cinya. Ni ne yaron aiki, miƙo wannan, riƙe wancan, haska nan. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Ya ajiye furosesa a gurbinta kamar mai ajiye ƙwai. Ya ɗiga man sanyaya daidai ƙwayar wake, ya ce in ya yi yawa ɓarna ne. Ram ta ƙi shiga, na ce a hankali, ya ce, "Wannan ba ta son lallashi," ya danna har ta ce ƙas. Na ɗauka ta karye, shi kuwa dariya. Dariya fa.

Siraran wayoyin maɓallin kunnawa sun ba mu wahala, ni da tabarau shi da tocilan a baki. Da muka gama ya ce in danna. Na ce kai ne mai ita. Ya danna.

Fankoki suka juya. Sikirin ya yi baƙi, ya yi baƙi, sai ga rubutu.

Na yi ihu har maƙwabciya ta aiko a ji ko lafiya.

Lahadi, kafin magariba

Da sauran rina a kaba.

Mun saka gem ɗin tseren mota. Minti kaɗan komai lafiya, motarsa na cin kwana, ni ina ta "taka, taka" a bayansa. Sai wasu ɗige-ɗige kore suka fara fitowa a kan titi. Suka yawaita. Hoto ya tsage, sikirin ya ɗauke. Muka bari ta huce, muka sake. Haka dai.

Ya ce, "Da wane gem ka gwada shi a shago?"

Na ce ban gwada da gem ba. Na buɗe shafuka, na kalli bidiyo.

"Kawu. Kati na gwanjo sai ya ɗau zafi yake nuna halinsa. Kamar ka sayi doki ne don ka gan shi a tsaye."

Ni da nake koyar da kwamfuta tun kafin a yaye shi, ban taɓa buga gem ba a rayuwata. Na san abin da kati yake yi a takarda. Ban san yadda ake sa shi gumi ba.

Ya ciro katin ya miƙo min. Ba kati, ba hoto, kamar yadda na faɗa ranar Laraba, amma ban ji daɗin cin wannan gardamar ba. Ya ce in saki labule.

Litinin, da yamma

Na koma wurin Injiniya daga makaranta. Bai yi musu ba. Ya gwada, ya ga ɗige-ɗigen, ya ce kayan kwali haka suke, wani na Allah wani na Annabi. Zai canza min sau ɗaya. Yana da irinsa guda uku, zai ajiye min su zuwa Asabar. Amma a nan za a gwada a zaɓa, in ya sake fita ƙofar shago ba dawowa.

Na ce ni idona ba ya rarrabewa. Na ɗan faɗa masa halin da ake ciki, a taƙaice. Ya sauke tabarau ya ce, "Subhanallahi. To ai ba komai, Malam, sai in ba yarona ya kai muku su gida, ya zaɓa a gadonsa."

Na buɗe baki zan yi godiya. Abin da ya fito shi ne, "A'a. Bar su a nan."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka ga benen nan kuwa?"

Na ce na gani.

A hanya ina ta tambayar kaina ko malami ne ni ko azzalumi. Har na iso gida ban samu amsa ba.

Talata, da yamma

Na faɗa masa sharaɗin Injiniya, ban da wancan tayin.

Ya ce in je in kira shi ta bidiyo. Kafin in amsa shi da kansa ya ce ba zai yi ba, bidiyon waya ma tsalle yake, ba za a gane na wa ne laifin ba. Ya ce to in zaɓi kowanne. Na ce na zaɓa sau ɗaya, ka ga abin da na kwaso. Na ce ko in tafi da Gola? Gola shi ne mai tsaron ragarsu, amininsa tun suna 'yan firamare, kuma shi ne kullum yake zuwa ana ce masa ana barci.

Ya ce, "Kar ka sake ka kira shi."

"To sai kai."

"A mayar da kayan duka."

Na ce kayan da aka ɓare ba sa komawa. Baƙin akwatin yana kan tebur yana kallonmu, komai a ciki sai ido.

Laraba, da yamma

Ƙofa a rufe. Gola ya zo ya zauna a dakalin waje har aka kira magariba, ya tafi.

Alhamis, da safe

Yaya ta ji. Injiniya ya kira yana tambaya ko na canza shawara a kawo, wayar kuma na buɗe muryarta na ajiye a kan tebur ina shan shayi.

Ta bari na gama, ta rufe ƙofar kicin. "Wato za a iya kawowa."

Na ce eh.

"Ɗana ne, ba darasinka ba. Kai ba ka ga yadda aka dinga kallonsa ranar da muka fito daga asibiti ba. Ni na gani. Har wata ta ce wayyo a gabansa, kamar ba ya ji. Yanzu kasuwa za ka kai min shi? Bene?"

Na ce, "Yaya, in an kawo masa kati yau, gobe sai a kawo masa me? Makaranta ba ta shiga kwali."

Ta ce tun ina yaro haka nake, in na kafe sai ka ce ƙusa. Ta ce in ya faɗi a benen nan kar in sake kiran ta Yaya. Ta yi kuka, ni ma ban tsira ba. Ga ƙofarsa nan taku kaɗan, tana iya shiga ta faɗa masa. Har na tafi aiki ba ta shiga ba.

Alhamis, da yamma

Na dawo na tarar da ita a kan keken ɗinki da baƙin wandonsa na fita, tana gajarta ƙafa ɗaya. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba don kai nake yi ba."

Juma'a, da sassafe

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A baranda, daga ƙofarsa zuwa bakin falo, ya juya, ya sake. Tara ne, da sandunan dogarawa da suke jingine a bayan kabad tun ranar da aka kawo su. Na rufe ido na yi minsharin ƙarya har ya gama.

Asabar, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe ya fito a shirye, hula a kai har gira. Bai kalli kowa ba ya ce, "In za a tafi a tafi." Yaya ta raka mu bakin tasi tana ta gyara masa kwalar da ba ta karkace ba.

A kasuwa an kalle shi. Ba zan ce ba a kalla ba. Wasu su kalla su kawar da kai, wasu su bi shi da sannu. Ya sunkuyar da kai yana tafiya, ni ina gaba ina buɗe hanya da tsohon katin a hammata. Da muka iso gindin benen ya ɗaga kai ya dube shi har sama. Wani ɗan dako mai kirki ya matso ya ce, "Kawo in goya ka, ƙanena, ba komai." Na ga kunnuwan Tara sun yi ja. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gida.

Ya ce, "Na gode, yayana. Riƙe min dai wannan." Ya miƙa masa sanda ɗaya, ya kama ƙarfen benen.

Na bi bayansa, hannuwana a buɗe ban taɓa shi ba. A tsakiya ya tsaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashi sama-sama. Masu saukowa suka maƙale a bango suka ba shi hanya. Ya ce, "Kawu, daina numfashi a wuyana." Ya ci gaba.

Injiniya, Allah ya saka masa, bai ce sannu ba, bai ce wayyo ba. Ya turo kujera da ƙafa ya ce, "Kai ne wanda ya hana ni cin riba? Zauna mu gani ko bakin ya kai hannun."

Aka soka na farko. Tara ya saka tseren mota, ya ƙure komai, ya sa lambobin zafi da na gudu a kusurwar sikirin. Ya ce ba wanda zai yi magana sai kati ya yi gumi. Jim kaɗan fanka ɗaya ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Ya ce a cire.

Na biyu shiru, zafi daidai, hoto a idona kamar ruwa. Na fara murmushi. Ya ce, "A'a."

Injiniya ya ce, "Haba! Wannan ai amarya ce."

"Duba in na shiga kwana. Ga shi. Ga shi kuma." Ni ban ga komai ba. Wasu samari da suka zo sayen caja suka matso, ɗaya ya ce wallahi yana ɗan riƙewa. Injiniya ya ce idonku ne. Tara ya ce, "Injiniya, katin nan ɗingishi yake. Ni kuwa yanzu ba mai koya min ɗingishi."

Sai shi ya fara dariya, Injiniya ya bi, har da dukan tebur, sai kowa. Ni na juya ina karanta kwalin wani linzamin kwamfuta da ban san me aka rubuta a kai ba.

Na uku ya sha wuya a hannunsa. Ya yi tsere bayan tsere, ya canza gem, ya taɓa bayan katin da yatsa, ya kasa kunne jikin fanka. Kafin nan shagon ya cika, kowa ya zuba wa sikirin ido, ana ta "ci kwanar, ci kwanar!" Hular tana kan tebur, ban san lokacin da ya cire ta ba. Ba mai kallon ƙasa. Daga ƙarshe ya ajiye hannun wasan da yake tuƙa motar da shi ya ce, "Wannan. Amma a buɗe a canza masa man sanyaya, kyauta, ladan hawan bene."

Injiniya ya ce, "Malam, ɗauke min yaron nan kafin ya karɓe shagon." Yana shafa man ne bakinsa ya suɓuce. "Ni da na ce a kai maka su gida, kawunka ya ce..." Ya kalle ni, ya sauke tabarau kan hanci.

Saukowa ta fi hawa wuya, a zaune Tara ya yi rabinta, bai damu da wa ke kallo ba. Sai da tasi ta ɗau hanya ya ce, yana kallon taga, "Kawu."

"Na'am."

"Kai mugu ne."

"Haka mamarka ta ce."

Ya gyara kwalin a cinyarsa. Can ya ce, "Da kai ka je, na biyun za ka ɗauko."

Gaskiya ne, da shi zan ɗauko.

Lahadi, da hantsi

Tana aiki! Tun safe yake gasa ta, ko ɗigo ɗaya. Ya ce a fito da ita falo, ɗakin ya yi mata zafi, iska ba ta zagayawa. Ban yi gardama ba, ni da na san zafin ɗakin da na falon duk ɗaya ne. Yaya ta ɗauke tukunyar furenta daga kan tebur da hannunta.

Lahadi, bayan la'asar

An yi sallama. Yaya ta leƙo ta ce Gola ne, me za a ce masa?

Motar Tara ta daki bango. Ya ce, "Ana buƙatar mutum na biyu a gwada ɗaya hannun. Kawu bai iya ba."

Gola ya shigo kamar mai shiga ofishin shugaban makaranta. Dogon yaro, ya rasa inda zai ajiye idonsa, ya ɗora shi a kan akwatin ya ce, "Kai, wannan abu da muni yake."

"Kamar tsaron gidanka. Zauna."

Suka yi tsere biyu. Sai na ji Tara ya ce a saka ƙwallo. Gola ya kalle ni. Na kalli silin. Aka saka.

Na bar musu falon na koma kicin wurin Yaya. Muna jin su. "Ba ka da gola ne?" "Hannun ne ba kyau!" "Hannun sabo ne, mai riƙon ne gwanjo!" Da Tara ya ci na uku ya yi wani ihu da rabon gidan nan da shi tun kafin ya kwanta asibiti. Yaya ta ci gaba da yanka albasa, ta ce albasar bana yaji gare ta.

Laraba, da yamma

Falo ya zama tasha. Yau su biyar, takalma sun cika bakin ƙofa. Na kafa doka, ba mai taɓa hannun wasa sai ya nuna min aikin gidansa. Suka ce wannan zalunci ne. Tara ya ce su yi haƙuri, haka yake fama da ni.

Jiya bai tashi da daɗi ba, ciwon ya hana shi sakat, ya kore su tun kafin su zauna. Yau ya aika a kira su.

Juma'a, da yamma

Na ba 'yan ajinsu labarin kati uku. Suka ce in nuna musu yadda ake ganewa. Na ce ni ban iya ba, mai iyawar yana gida. Da na faɗa masa ya ce, "Wato ka je ka tona wa kanka asiri a gaban aji."

Na ce malami ba ya jin kunyar abin da bai sani ba.

Ya ce, "Ajinmu yana ƙasa ko sama?" Ya san amsar sarai, shekara biyu yana zama a cikinsa. Na ce ƙasa.

Ya ce, "Hmm."

Ban ƙara ko kalma ba. Na koyi wannan aƙalla.

Litinin, da sassafe

A tsaye nake rubuta wannan, takalmi ɗaya a ƙafata. Tara yana bakin ƙofa cikin kayan makaranta, Gola na riƙe da jakarsa, shi kuma Tara yana ta ƙwala min kira wai malami guda zai sa su makara.